Yadda Ake Haɗa Hasashen Kakar Ƙwallon Kwando Ta Ƙananan Kwalejojin Amurka Kafin A Fara Wasa

Tun da na fara kawo maganar ƙwallon kwandon ƙananan kwalejojin Amurka, tambayar da ta fi yawan zuwa min ita ce wai ta yaya mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan ƙungiyar ce za ta ɗau kofin rukuninsu, waccan kuma za ta sha wuya, alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba tukuna. Wasu ma sun ɗauka kwafowa ake yi daga wani waje. Toh ba haka ba ne, aiki ne da ake zama a yi shi da lissafi, kuma duk wanda yake da waya da data da haƙuri zai iya. Zan yi misali da rukunin WIAC na jihar Wisconsin, wanda ke mataki na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, wato Dibishan 3, saboda ƙungiyoyi takwas ne kacal a cikinsa, lissafinsu baya wahala, kuma rukuni ne mai zafin gaske, kofin ƙasa na maza ya je can har sau 13. Amma matakan nan za su yi maka aiki a kowane ƙaramin rukuni ka zaɓa.

1. Tanadi kayan aiki

Ba wasu kaya masu yawa ba ne. Waya ko kwamfuta, sai Excel ko Google Sheets, in ma babu to littafi mai layi da biro da kalkuleta sun isa. Shafukan da za ka dinga shiga su ne shafin wasanni na kowace makaranta, shafin shi kansa rukunin, D3hoops.com mai labaran ƙwallon kwandon Dibishan 3, da Massey Ratings mai jera ƙungiyoyi bisa lissafi, sai kuma shafin alƙaluma na NCAA. Duk waɗannan karatunsu kyauta ne. Inda kuɗi ke tafiya shi ne bidiyo, domin wasa ɗaya yakan kai kusan awa biyu, don haka ka sauke ingancin hoton zuwa 360p ko 480p, ai ba fuskar mutum kake nema ba, motsin ƙafa da tsayuwar 'yan wasa kake so ka gani. Wasu rukunan suna nuna wasanninsu kyauta, wasu kuma sun ba FloSports, sai ka biya kuɗin wata.

Gargaɗi: kar ka biya kuɗin kallo sai ka tabbatar tsofaffin wasannin bara suna nan a ajiye. Kafin kaka ta fara tsofaffin kake buƙata, ba na kai tsaye ba.

Lokaci kuwa, ka ware kamar awa biyu zuwa uku ga kowace ƙungiya, ban da na kallon bidiyo. Ka fara a ƙarshen Satumba ka gama a ƙarshen Oktoba, tunda a farkon Nuwamba ake fara wasa.

2. San tsarin rukunin tukuna

Ka rubuta sunayen ƙungiyoyin a jere. A WIAC su ne Eau Claire, La Crosse, Oshkosh, Platteville, River Falls, Stevens Point, Stout da Whitewater, dukkansu rassan jami'ar jihar Wisconsin ne. Kowace tana haɗuwa da kowace sau biyu, gida da waje, kenan wasa 14 a cikin rukuni. A Dibishan 3 wasa 25 ne iyakar abin da ake bugawa kafin wasannin sili-ɗaya-ƙwale, kaga saura 11 kenan da ake yi da ƙungiyoyin waje. Bayan an gama teburi akwai gasar kofin rukuni a ƙarshen Fabrairu, wanda ya ci ta shi ke da tikitin kai tsaye zuwa gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 64 a watan Maris, sauran kuma sai dai su jira a zaɓe su bisa lissafi.

Gargaɗi: ka duba ko wata makaranta ta fita ko ta shigo. Superior tana cikin WIAC a da, ta fice a 2015, St. Thomas ta Minnesota kuma ta bar Dibishan 3 gaba ɗaya ta haye Dibishan 1 a 2021. A ƙananan kwalejoji irin wannan canjin ba baƙon abu ba ne, wani lokacin ma makarantar ce ake rufewa ɗungurum. In ka ɗauko tsohon jeri ka yi aiki da shi, tun daga tushe ka gina a kan yashi.

3. Ɗauko teburin bara, amma kar ka tsaya a kansa

Ka kwafe abu huɗu ga kowace ƙungiya: nasara da rashin nasara a cikin rukuni, makin da ta ci da wanda aka ci ta a wasannin rukuni kaɗai, yadda ta yi a gida da waje, sai wasannin da aka tashi da ratar maki biyar ko ƙasa da haka.

Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi tsallakewa kuma yana da muhimmanci sosai. A ce ƙungiya ta gama da nasara 10 rashin nasara 4, amma shida daga cikin nasarorin nan da maki biyu ko uku ta sha, to wannan ba lallai ta fi wadda ta yi 8 da 6 ba amma duk wanda ta kama sai ta ba shi ratar 15. Wasan da aka tashi kusa da kusa ƙwallo ɗaya ce ke raba shi, ta zagaya bakin kwando ta faɗa ko ta fito. Ka tuna wasan ƙarshe na ƙasa na 2014, Whitewater ta doke kwalejin Williams 75 da 73 da ƙwallon da ta shiga a daƙiƙun ƙarshe. Kofi ya tafi Whitewater kuma sun cancanta, amma babu mai hankalin da zai ce Williams ba sa'arsu ba ce. Don haka ƙungiyar da ta cinye kusan duk wasanninta na kusa da kusa, ka sa mata alamar cewa bana za ta iya saukowa, wadda kuma ta yi ta faɗuwa da maki ɗaya biyu ka sa mata alamar hawa.

Gargaɗi: kar ka haɗa alƙaluman wasannin waje da na cikin rukuni a wannan matakin. Wata ƙungiyar tana cika Nuwamba da raunanan abokan karawa, sai ka ga matsakaicin makinta ya kumbura.

4. Ƙirga mintunan da suka dawo

Nan ne zuciyar aikin gaba ɗaya, in ma mataki ɗaya kawai za ka iya yi to wannan ka yi. Wasan kwaleji minti 40 ne, rabi biyu na minti ashirin-ashirin, mutum biyar a fili, kenan kowane wasa akwai minti 200 da koci ke rabawa yaransa. Ka buɗe alƙaluman bara na ƙungiyar, za ka ga jimillar mintunan kowane ɗan wasa. Sai ka buɗe jerin sunayen bana a gefe, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda sunansa ya sake fitowa ka ɗauki mintunansa ka tara. Abin da ka samu ka raba shi da jimillar mintunan ƙungiyar.

Misali na koyo: a ce ƙungiya ta buga wasa 27, kenan minti 5,400 in ba a yi ƙarin lokaci ba. Waɗanda suka dawo sun tara 3,510. Ka raba, ya ba ka kashi 65 cikin ɗari. Haka za ka yi wa maki, da ribaun wato cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, da fasin ɗin da ya haifar da maki. A nawa ma'aunin, daga kashi 70 zuwa sama ƙungiya ce da ta san kanta, ƙasa da 45 kuwa sabon gini ne ko da sunan makarantar ya kai girman dutse.

A gaban sunan kowane yaro za ka ga an rubuta Fr., So., Jr., Sr. ko Gr. Ma'anarsu ɗan shekarar farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, sai wanda ya gama digiri yana karatun gaba. Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, a Dibishan 3 babu sikolashif na wasa ko na sisi, yaro da kuɗin gidansu ko tallafin karatu yake makaranta, don haka ba kamar manyan makarantu ba ne da hazaƙa zalla ke iya rufe ƙarancin gogewa. A nan ƙato ɗan shekara 22 da ya yi shekara uku yana ɗaga ƙarfe kuma ya haddace tsarin kocinsa, yawanci sai ya danne yaro ɗan 18 komai iyawarsa. Ƙungiyar da manyanta uku ko huɗu 'yan shekarar ƙarshe ne da suka daɗe tare, ita nake fara tsoro.

Gargaɗi na farko: kar ka ɗauka duk wanda bai gama makaranta ba zai dawo. Tunda ba biyansa ake ba, yaro kan iya ajiye wasa saboda karatu ya yi nauyi, ko kuɗin makaranta, ko ya samu aikin koyon sana'a, kuma ba wanda zai fitar da sanarwa. Jerin sunayen bana shi ne hujja, ba ajin da yake ciki ba. Ka duba shekarar da ke saman shafin da kyau, domin makarantu da yawa sukan bar jerin bara a manne har cikin Oktoba.

Gargaɗi na biyu: gwanin da ya yi fice da yawa shi ma zai iya tafiya sama. Duncan Robinson shekara ɗaya tal ya yi a Williams, ya kai su wancan wasan ƙarshe na 2014, daga nan ya koma jami'ar Michigan da ke Dibishan 1, daga baya ya shiga NBA da Miami Heat. Yanzu kuwa da sauya sheƙa ya zama ruwan dare, ka bincika sunan duk wani tauraro kafin ka rubuta shi a matsayin wanda ya dawo.

5. Duba wane irin mutum aka rasa

Kashi 65 na wannan ƙungiya ba daidai yake da kashi 65 na waccan ba. Tambayar ita ce wa ya tafi. In wanda ya tafi mai jifa ne kawai da ake miƙa wa ƙwallo yana tsaye a kusurwa, za a iya samun madadinsa a benci. Amma in mai riƙe ƙwallo ne, wanda shi ke hayo da ita, shi ke kiran tsari, shi ake nema in agogon daƙiƙa 30 da ake ba ƙungiya ta yi jifa a cikinsu ya kusa cika, to wannan rashinsa sai an ji a jiki har Janairu. Ka duba wa ke da mafi yawan fasin, ka kwatanta da yawan ƙwallon da ya ɓarar. Wanda fasin ɗinsa ya ninka ɓararwarsa sau biyu, dukiya ne.

Na biyu shi ne dogo. A wannan matakin dogayen gaske ba su da yawa, manyan makarantu sun kwashe su, don haka ƙungiyar da ke da mai ƙafa 6 da inci 8 wanda ya iya wasa ba tsayi kawai ba, tana da abin da sauran ba su da shi. In kana so ka mayar da tsayi zuwa santimita, inci ɗaya 2.54 ne, ƙafa ɗaya inci 12, kenan 6-8 ya kama kusan santimita 203.

Gargaɗi: tsayin da ake rubutawa a jerin suna makarantar ce ke rubutawa da kanta, ba mai bin diddigi. Ka gaskata yawan ribaun da toshe jifan da ya yi fiye da lambar da ke gaban sunansa.

6. Gyara alƙaluma da saurin wasa

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ce wannan ƙungiya tana cin maki 85 a wasa, waccan 68, don haka ta farko ta fi iya kai hari. Ba haka ake yi ba. Wata gudu take yi tana jifa da wuri, wata kuma tana riƙe ƙwallo har agogo ya kusa cika. Grinnell ta jihar Iowa ita ce babban misali, tsarinsu gudu da jifan maki uku ba ƙaƙƙautawa, a can ne Jack Taylor ya ci maki 138 shi kaɗai a wasa ɗaya a Nuwamban 2012. In da yawan maki ne ma'auni da kowace shekara su za a ba kofi.

Abin da za ka yi shi ne ka gano sau nawa ƙwallo ta zo hannun ƙungiya. Lissafin shi ne: yawan jifan da aka gwada, a cire ribaun na hari, wato wanda ƙungiya ta cafke bayan nata jifan ya ƙi shiga, a ƙara ƙwallon da aka ɓarar, a ƙara kuma jifan fawul da aka gwada, wato jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa laifi, bayan an ninka shi sau 0.475. A ce an gwada jifa 60, ribaun na hari 10, ɓararwa 12, jifan fawul 20. Kenan 60 a cire 10 saura 50, a ƙara 12 ya zama 62, a ƙara 9.5 ya zama 71.5. In sun ci maki 75, ka raba 75 da 71.5 ka ninka sau 100, ya ba ka kusan 105. Wannan lambar ita ce ƙarfin harinsu na gaskiya. Ka yi wa makin da aka ci su irin wannan, ka samu ƙarfin tsaronsu, sai ka cire na biyu daga na farko. Ratar da ta fito ita za ka jera ƙungiyoyin da ita, kuma sau da yawa za ka ga jerin ya sha bamban da teburi.

Haka ma kason shigar jifa. Tunda ta maki uku ta fi ta biyu daraja, sai ka ƙara rabin yawan na ukun a kan jimillar da ta shiga kafin ka raba. Jifa 26 ta shiga cikin 60, takwas daga ciki na uku ne, kenan 26 da 4 ya zama 30, a raba da 60, kashi 50.

Gargaɗi: kason jifan maki uku yana yaudara daga shekara zuwa shekara. Yaron da ya gwada 40 kacal ya ci 19, kar ka kira shi gwani tukuna. Ka leƙa jifan fawul ɗinsa, wanda hannunsa ya zauna a can yawanci shi ne mai jifa na gaskiya.

7. Koci

Ka rubuta sunan kowane koci da shekarun da ya yi a wajen. A ƙaramar kwaleji koci shi ne komai, shi ke yawon nemo yara, shi ke lallashin iyaye, ba wata runduna ta mataimaka a bayansa. Bo Ryan ya ci kofin ƙasa huɗu da Platteville, a 1991, 1995, 1998 da 1999, kafin ya wuce manyan makarantu, kuma yaran da ya ci da su a farko ba su ne na ƙarshe ba, tsarin ne ya tsaya.

In an canja koci, ka duba daga ina sabon ya fito. Mataimakin da aka ɗaga daga cikin gida daban, baƙon da ya zo da nasa salon daban. Oshkosh ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2018 a hannun Nebraska Wesleyan, kocinsu Pat Juckem ya tafi jami'ar Washington ta St. Louis, aka miƙa wa mataimakinsa Matt Lewis riƙon ƙwarya, shi kuma ya je ya ɗauko kofin a 2019 bayan sun doke Swarthmore. Duk wanda ya sauke su ƙasa a hasashensa don kawai koci ya tafi, bai duba cewa manyan yaran suna nan kuma wanda ya karɓa ya san su ciki da bai ba.

Gargaɗi: hirar da koci ke yi kafin kaka kusan duk iri ɗaya ce, kowa zai ce yaransa sun dage kuma rukunin bana ya yi zafi. Abin da za ka tsinta a ciki kawai shi ne sunan da ya ambata ba tare da an tambaye shi ba, da maganar rauni in ta suɓuce masa.

8. Sababbin shiga

Kar ka ɓata lokaci da yawa a nan. Ka raba su biyu, waɗanda suka fito daga sakandare da waɗanda suka sauyo daga wata kwaleji. 'Yan sakandare ka ba su kaɗan a lissafi sai ka gan su a fili. Masu sauyowa daga Dibishan 1 ko 2 ko kwalejin shekara biyu, ka nemo mintunan da suka buga a can. Wanda ya yi minti 20 a wasa a Dibishan 2 zai iya canja teburi shi kaɗai, wanda kuwa shekara biyu yana benci yana tafi, sunan tsohuwar makarantarsa ba zai jefa masa ƙwallo ba.

9. Karanta jadawali

Wasanni 11 na waje su ke nuna abin da koci yake tunani game da yaransa. Wanda ya jera manyan ƙungiyoyin maƙwabta irin na rukunin CCIW, su Illinois Wesleyan da Wheaton, ya yarda da kansa kuma yana neman makin da zai taimake shi a zaɓe shi zuwa gasar ƙasa ko da bai ci kofin rukuni ba. Daga kakar 2024 zuwa 2025 wani lissafi ne da ake kira NPI yake yanke wannan, kuma ƙarfin waɗanda ka kara da su yana cikin abin da yake dubawa. A cikin rukuni kuma ka duba wa zai fara da wasannin waje a jere, wa zai karɓi manyan abokan hamayya a gida a satin ƙarshe. A WIAC galibi Laraba da Asabar ake wasa, a mota ake tafiya cikin sanyin Janairu da ƙanƙara, kuma daga Whitewater da ke kudu maso gabas zuwa River Falls da ke dab da iyakar Minnesota tafiyar awanni ce, yaro ya dawo tsakar dare gobe da safe yana da aji.

Gargaɗi: wasan sada zumunta da ake yi da manyan makarantu a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba baya shiga lissafi. Ko an lallasa su da 40 kar ka canja komai, ko sun ba da mamaki ma kar ka ruɗe.

10. Kalli wasa da idonka

Aƙalla wasa biyu na bara ga kowace ƙungiya, ɗaya da suka ci ɗaya da aka ci su, kuma ka zaɓi na Fabrairu ba na Nuwamba ba, domin a lokacin koci ya riga ya tace mutanensa. Ka lura da su waye biyar ɗin da ke fili a minti biyar na ƙarshe, waɗannan su ne amintattunsa na gaskiya, ba waɗanda suka fara wasa ba. In uku daga cikinsu sun dawo, ka ƙara wa ƙungiyar daraja. Ka kuma lura da tsaro, mutum-da-mutum suke yi ko tsaron yanki, suna matsa wa mai ƙwallo tun daga can baya ko jira suke. Takardar alƙaluma bata nuna yaron da ke hana gwanin abokan hamayya numfashi, sai ido.

In kaka ta fara kana son kallon kai tsaye, tsakanin Wisconsin da Najeriya ko Nijar awa bakwai ne daga farkon Nuwamba zuwa Maris, Gana kuma shida. Wasan ƙarfe 7 na yammacin Laraba ƙarfe 2 na dare ne a wajenmu, don haka na ranar Asabar da ake yi da rana ya fi sauƙi.

11. Jera su, ka sa lamba

Yanzu sai ka raba ƙungiyoyin gida uku: masu neman kofi, na tsakiya da za su iya ɓata wa kowa rana, da masu sabon gini. Sannan ka ba kowace adadin nasarar da kake hasashe cikin 14. Ga hanyar gane ko ka yi daidai: ƙungiya takwas, wasa 14 kowace, a raba biyu, wasanni 56 ne gaba ɗaya, don haka in ka tara nasarorin da ka raba dole su ba ka 56 cif. Yawancin masu farawa sukan samu 62 ko 65 saboda kowa suna masa fatan alheri. In ka wuce, sai ka koma ka rage, kuma a wannan ragewar ne za ka gane wa ka yarda da shi da gaske.

Sai bayan ka gama naka za ka buɗe hasashen da rukunin ke fitarwa, wanda kociyoyi da jami'an yaɗa labaran wasanni na makarantun ke jefa ƙuri'a, da jerin manyan ƙungiyoyi 25 na D3hoops, da lambobin Massey. Inda kuka yi daidai shikenan. Inda kuka saɓa da nisa, ka koma ka bincika ko akwai abin da suka sani wanda ya wuce ka, kamar rauni ko wani sabon shiga. In ka duba baka ga komai ba, ka tsaya a kan naka.

Gargaɗi: kar ka fara buɗe nasu kafin naka, wallahi in ka gani ya riga ya shiga kanka, duk lissafin da za ka yi bayan nan neman hujjar goyon bayansu kawai za ka dinga yi. Sannan ƙuri'ar kociyoyi takan karkata ga tsohon suna da teburin bara. Stevens Point, Whitewater da Platteville kowace tana da kofin ƙasa huɗu, amma tutocin da ke rataye a rufin zaure ba su ne za su buga wasan bana ba.

12. Rubutawa da komawa kai

Kowace ƙungiya ka ba ta sakin layi ɗaya ko biyu: yadda ta gama bara, kason mintunan da suka dawo, wa ya tafi wa ya rage, tambaya ɗaya da kakarsu ta rataya a kanta, sai hasashenka. Ta saman teburi da wadda kake ganin za ta ba da mamaki ka faɗaɗa a kansu, ba dole kowa ya samu tsawo ɗaya ba. Ka rubuta sunayen yara daidai yadda suke a shafin makaranta, ka sa ranar da ka duba jerin sunayen, kuma maganar rauni in ba makarantar ko kocin ne ya faɗa ba kar ka saka, waɗannan ɗalibai ne ba ƙwararru masu albashi ba.

Ka ajiye fayil ɗin lissafin, kar ka goge. A ƙarshen Disamba, lokacin da aka kusa gama wasannin waje kuma na rukuni za su kankama, ka sake buɗe shi ka ƙara layi biyu: mintunan da kowane yaro yake samu yanzu, da sabuwar ratar hari da tsaro ta mataki na 6. A lokacin ne kuma za ka sake duba jerin sunaye, domin bayan jarabawar zangon farko wani yaron kan ɓace saboda sakamako, wani kuma da bai buga ba tun Nuwamba sai ka gan shi ya shigo. Duk ƙungiyar da mai riƙe ƙwallonta ya canja a wannan tsakanin, ka sake mata lissafi daga mataki na 4, sannan ka sake tara nasarorin ka tabbatar har yanzu 56 suke bayarwa.